Awon Jini a Ɗakin Haihuwa

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwar Dawanau maganar ba ta da ja, domin dillalin da ya daɗe a harka yana iya duban tarin gero ya faɗi buhunan da za su fito, kuskurensa kaɗan ne. A ɗakin haihuwa kuwa karin maganar bai ci ba. Shekara da shekaru, a asibitocinmu da na sauran duniya, ungozoma ko likita kan dubi zanen gado da daɓe da tsummokin da suka jiƙe, su ce jinin da mai haihuwa ta zubar daidai ne ko ya yi yawa, kuma a kan wannan kiyasi na ido ake yanke shawarar tashi tsaye ko ci gaba da hidimar jariri. Wani babban bincike da aka buga a watan Mayun 2023 a mujallar New England Journal of Medicine ya sa wannan kiyasi a sikeli, sai ya tarar cewa a cikin matan da jini ya ɓalle musu da gaske, kusan rabi ba a gane ba. Ma'aikatan ƙwararru ne, a asibiti suke, magani yana cikin kabad, amma ba a ba da shi ba saboda babu wanda ya san lokacinsa ya yi. Ra'ayina shi ne wannan bincike ya canja inda ya kamata mu ɗora laifi da inda ya kamata mu zuba kuɗi: babban giɓin yana tsakanin lokacin da jini ya fara yawa da lokacin da aka lura, kuma mai iya toshe shi ita ce ungozomar da ke tsaye a bakin gado, muddin an ba ta ma'auni, an kuma ba ta izinin aiki ba sai ta jira kowa ba.

Girman matsalar ba ya buƙatar ado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan miliyan 14 ne ke fuskantar zubar jini mai yawa bayan haihuwa a kowace shekara, kuma kimanin 70,000 daga cikinsu ba sa tashi. A ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023, mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 75,000 daga cikinsu a Nijeriya, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini na sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe su.

Sai an fahimci yadda jikin mace yake a wannan sa'a kafin a gane dalilin da ya sa mintoci ke da tsada haka. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa a minti guda ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jijiyoyin da suke ciyar da ita sun zama a buɗe, kuma abin da ke rufe su shi ne mahaifar kanta ta tsuke, ta yi tauri, ta matse bakunansu. Idan ta yi sanyi ta ƙi tsukewa, wanda shi ne sanadin kusan bakwai cikin goma na irin wannan zubar jini, to jijiyoyin na nan a buɗe. Sauran dalilan su ne yagewa wajen fitar jariri, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ko jinin ya kasa daskarewa. Iyakar da likitoci suka daɗe da sanyawa ita ce mililita 500 a cikin awa 24 bayan haihuwa, daidai da ruwan leda guda na fiya wata, kuma idan ya kai lita ɗaya an shiga haɗari. Wahalar ita ce jinin ba ya taruwa wuri ɗaya. Zane ya sha, katifa ta sha, wani ya gauraya da ruwan haihuwa, wani ya daskare a cikin mahaifa. Ga kuma yaudarar jiki: mace mai ƙuruciya tana iya zubar da jini mai yawa tana magana, tana tambayar mace aka samu ko namiji, awon jininta bai sauka ba, sai can a ga ta yi fari fat, gumi ya keto, numfashi ya yi sama. Wanda ya jira wannan alama ya makara.

Binciken da ake magana a kai sunansa E-MOTIVE. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagorance shi, aka gudanar da shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata 210,132 da suka haihu da kansu ba tare da tiyata ba. Kusan rabin asibitocin a Nijeriya suke, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, aikin da ya sa mujallar Time ta sanya ta cikin mutum ɗari mafi tasiri a harkar lafiya a 2024. Asibitocin ba na koyarwa ba ne masu tarin ƙwararru. Matsakaita ne, irin babban asibitin da ake samu a hedikwatar ƙaramar hukuma ko cikin gari, masu karɓar haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu biyar a shekara. An fara da watanni bakwai ana lura da yadda kowane asibiti ke aiki, sannan aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka ci gaba da abin da suka saba, rabi suka ɗauki sabon tsari.

Sabon tsarin ba shi da wani abu da zai burge mai son na'ura. Leda ce ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashi da zarar jariri ya fito, ƙasanta kamar aljihu mai tsini, an yi masa zane-zanen awo, jinin ya riƙa taruwa a ciki, ungozoma na dubawa duk bayan minti 15 a awar farko. Idan ya kai 500, ko ya kai 300 tare da wata alama kamar bugun zuciya ya yi sauri ko mahaifa ta yi laushi, sai a yi abubuwa gaba ɗaya a lokaci guda: a murza mahaifa ta saman ciki, a yi allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a ba da allurar tiranekzamik mai hana daskararren jini narkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, idan jinin bai tsaya ba a kira na gaba. An tara duk kayan a akwati ɗaya ko teburi mai taya a cikin ɗakin, an yi wa ma'aikata atisaye a wurin aikinsu, an zaɓi ungozoma da likita a kowane asibiti su riƙe ragamar abin, kuma duk wata ana nuna musu alƙaluman aikinsu. Wata dabara ta masu binciken ita ce ta ba sakamakon ƙarfi. A asibitocin da aka bari a kan tsohon tsari ma an shimfiɗa ledar, amma marar zanen awo, sai daga baya a ɗora ta a sikeli. Ta haka aka san ainihin jinin da kowace mace ta zubar, aka kuma gwada shi da abin da ido ya ce.

Ga abin da ya fito. Inda aka dogara da ido, kashi 51 cikin ɗari na masu zubar jini aka gane. Inda aka yi amfani da leda mai awo, kashi 93. Inda aka bi tsohon tsari, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari ne suka samu cikakken magani, a sabon tsari kuwa sun haura kashi 91. Babban abin da aka sa a gaba shi ne a ƙirga matan da suka zubar da lita ɗaya ko fiye, ko aka buɗe musu ciki don tsayar da jini, ko suka rasu saboda shi. A tsohon tsari kashi 4.3 cikin ɗari ne, a sabo kashi 1.6, ragin kusan kashi 60 cikin ɗari. A binciken lafiya, sabon maganin da ya rage matsala da kashi 10 ko 15 ana yi masa biki. A nan ba a kawo sabon magani ko ɗaya ba.

Wannan shi ne wurin da ya kamata a daɗe a kai. Oksitosin ya fi shekara sittin a ɗakunan haihuwa. Tiranekzamik kuwa wasu ma'aurata masu bincike 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi a farkon shekarun 1960, kuma burin Utako tun farko shi ne a yi amfani da shi ga masu haihuwa, amma likitocin mata na zamaninta ba su ba ta haɗin kai ba. Sai a 2017 aka buga sakamakon gwajin WOMAN, wanda aka yi a kan mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, Nijeriya na cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa, ya nuna cewa idan aka ba da maganin a cikin awa uku da haihuwa, yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani nazari da ya biyo baya a 2018 ya nuna cewa duk jinkirin minti 15 yana zaftare kimanin kashi 10 cikin ɗari na amfaninsa, bayan awa uku kuma babu sauran amfani. To a dubi yadda aka saba yi: a murza ciki a jira, a yi allura a jira, in bai tsaya ba a aika kiran likita, likita yana ɗakin tiyata ko ya tafi gida, in ya zo ya rubuta magani, a miƙa wa miji takarda ya fita neman kemis da tsakar dare. Kowane mataki shi kaɗai yana da hujjarsa, amma in aka haɗa su awa uku ta wuce. Abin da sabon tsarin ya yi shi ne ya cire jiran, ya mai da hukuncin farko hannun wadda take wurin. Zanen da ke jikin leda yana yi mata wani aikin ma da ba a cika faɗa ba. Ƙaramar ungozoma da ta ce "kamar jinin nan ya yi yawa" ana iya ce mata tsoro ne da rashin sabo. Wadda ta ce ya wuce 500 babu mai musu da ita.

Akwai masu ja da wannan, kuma wasu daga cikin hujjojinsu masu nauyi ne. Na farko su ne masana da za su ce binciken bai tabbatar da cewa an rage mutuwa ita kanta ba, tun da an haɗa abubuwa uku ne a ƙirga, kuma mafi yawan ragin daga zubar lita ɗaya ya fito. Haka ne. Matan da suka rasu sun fi ƙaranci a asibitocin sabon tsari, amma adadinsu a ɓangarorin biyu bai kai a kafa hujja da shi ba. Sai dai wannan ba ya rushe komai. Ba a mutuwa ta zubar jini sai an bi ta zubar jini mai yawa, kuma macen da aka tsayar wa jini a 600 ba za ta buƙaci leda uku ta ƙarin jini ba a garin da sai an tara 'yan uwa an gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a samu leda guda. Ba za a cire mata mahaifa tana da shekara 22 ba, ƙodarta ba za ta tsaya ba. Wanda ya ce sai an kawo masa gawarwakin da za su ishi lissafi kafin ya amince da shimfiɗa leda, ya nemi abin da bai kamata a nema ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ciwo, kuma tamu ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ina amfanin leda mai awo ga wadda ta haihu a ɗaki, a gaban ungozomar gargajiya, ko ita kaɗai saboda kunya, a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina? Kai tsaye babu. Oksitosin da tiranekzamik allurai ne, ƙarin ruwa sai ma'aikaci. Abin da ake da shi don gida shi ne ƙwayar misofurostol, wadda ba ta buƙatar firji, wadda malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada rabawa a ƙauyukan kewayen Zariya, jihar Sakkwato kuma ta raba ta ta hannun matan unguwa. A Jamhuriyar Nijar, wani shiri na ƙasa baki ɗaya da ya haɗa wannan ƙwaya da balan-balan da ake hurawa a cikin mahaifa da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma sama, ya ba da rahoto a mujallar Lancet Global Health cewa mutuwa ta zubar jini a cibiyoyin lafiya ta ragu sosai cikin shekara shida, kodayake ba a yi shi da ƙuri'a ba, don haka hujjarsa ba ta kai ta E-MOTIVE ƙarfi ba. Amma a lura da abu biyu. Ɗaya, ba a raba gida da asibiti a wannan magana, domin labarin wadda ta je asibiti aka dawo da gawarta yana zagaya unguwa fiye da kowace sanarwar rediyo, kuma ba za a ce wa mata su zo ba alhali wurin da ake kiransu yana rasa rabin masu zubar jini. Biyu, darasin awo ya shafi gida fiye da asibiti. Har yau akwai gidajen da ake ganin jinin biƙi ƙazanta ce da gara ta fita duka, a ce "bar shi ya zuba, ciki ne ke wankewa". Idan ƙwararriyar da ta karɓi haihuwa dubu tana kuskuren kiyasi, ina ga kaka da fitilar hannu? Saƙon da za a kai wa iyaye mata da ungozomomin gargajiya da mazan da ke ba da izinin fita shi ne kada a jira mai jego ta fara jiri. Zane ya jiƙe sharkaf jini bai tsaya ba, a nemi abin hawa.

Hujja ta uku ita ce wadda duk ma'aikacin asibitin gwamnati zai kawo, yana murmushin takaici: lokacin bincike komai akwai, masu bincike na tafiya akwati ya koma fayau. Ba a raina wannan magana. Duba leda duk minti 15 yana buƙatar mutum, kuma ungozoma ɗaya a aikin dare da mata huɗu suna naƙuda ba ta da ido takwas. Wani bincike da aka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka buga a Lancet a 2014, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari. Wannan a Turai ke nan, inda nas ba ta neman safar hannu. A Nijeriya kuwa hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ta faɗa a farkon 2024 cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ga kuma ingancin magani. Oksitosin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, zafi yana kashe ƙarfinsa, kuma wani nazari da aka buga a 2018 ya tarar cewa kusan uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka tattara a Nijeriya sun faɗi gwajin inganci. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi da halin wutar lantarki ba zai yi mamaki ba. Akwai madadinsa mai jure zafi, kabetosin, wanda gwajin CHAMPION na 2018 a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 ya nuna yana rigakafin zubar jini kamar oksitosin, amma sai an saya an kai. Amsata ga wannan hujja ita ce ba ta ƙaryata binciken ba, ta dai faɗi kuɗinsa. Kuma asibitocin da aka samu ragin kashi 60 a cikinsu irin namu ne, da ma'aikatansu na kullum da ƙarancinsu na kullum. Ma'auni ya fi amfani ga wadda aiki ya yi wa yawa, domin kallo ɗaya ya ishe ta sanin gadon da za ta fara zuwa.

Inda zan yarda da masu ja ba tare da gardama ba shi ne a kan ƙarancin jini. Mace da ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci da haihuwa kusa da kusa, ba ta da rarar da za ta zubar, mililita 400 na iya kayar da ita tun jinin bai kai iyaka ba. An yi fatan allurar tiranekzamik za ta kare irin waɗannan tun kafin jini ya ɓalle, amma gwajin WOMAN-2, da aka yi a kan mata kimanin 15,000 masu ƙarancin jini a Nijeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, aka buga a 2024, bai ga ta rage faruwar zubar jinin ba. Maganin ƙarancin jini yana wurin awon ciki, watanni kafin ranar. Haka kuma E-MOTIVE bai shafi waɗanda aka yi wa tiyata aka ciro jariri ba, alhali suna cikin waɗanda suka fi zubar da jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da awon jini da haɗa magungunan wuri ɗaya tun ƙarshen 2023. A watan Oktoban 2025 kuma, tare da ƙungiyar likitocin mata ta duniya da ta ungozomomi, ta fitar da sabuwar ƙa'ida da ta ce a fara magani tun daga mililita 300 idan akwai wata alamar jiki da ta sauya, ba sai an jira 500 ba. Ƙa'idar ba ta aiwatuwa a ɗakin da babu ma'auni, domin babu mai raba 300 da 500 a jikin zanen atamfa. A lokacin binciken ledar kuɗinta bai wuce dala ɗaya zuwa biyu ba, ana jefar da ita bayan amfani ɗaya, don haka dole asibiti ya tanadi yadda zai ƙona ta, kuma in ana so ta dore sai an riƙa ƙera ta a cikin gida maimakon jiran jirgin ruwa da canjin dala. Sauran aikin na takarda ne da sa hannu, kuma yana teburin kwamishinonin lafiya da hukumomin asibitoci na jihohi: ledar da tiranekzamik su shiga jerin kayan da jiha ke saye duk shekara, su kasance cikin kayan haihuwa kyauta don kada a miƙa wa miji takarda, a rubuta ƙarara cewa ungozoma na da ikon ba da duka magungunan kafin likita ya iso, makarantun koyon jinya da ungozomanci kuma su sa atisayen cikin abin da ɗaliba za ta ci kafin a ba ta lasisi.